Rangadin Gaɓar Muroto: Sharhi Kan Hidimar da Ke Nuna wa Baƙo Shekarun Matakalar Teku

Kwana biyu na yi a Muroto, garin masunta da manoma da ke kudu maso gabashin tsibirin Shikoku a ƙasar Japan, kuma abin da ya kai ni shi ne in ga da idona wani aiki da na daɗe ina karanta labarinsa a takarda, wato yadda masana ke gano shekarun tsofaffin gaɓoɓin teku da suka ɗaga sama suka bar ruwa, sannan su yi amfani da shekarun nan su auna saurin tashin ƙasa. Garin baki ɗayansa gandun ilimin ƙasa ne, irin wanda hukumar UNESCO ke kira Geopark, kuma tun 2011 yake cikin jerin irin waɗannan wurare na duniya. Akwai cibiyar karɓar baƙi, akwai hanyar ƙafa da aka shimfiɗa a tsakanin duwatsun bakin teku, akwai kuma 'yan gari da aka horar su riƙa yi wa baƙo ja-gora. A kan waɗannan abubuwa uku sharhina zai tsaya. Hukuncina tun daga farko shi ne hidimar ta cancanci wahalar tafiyar, amma ribarta tana ga wanda ya zo da tambaya a bakinsa, ya kuma yarda ya tsuguna a gaban dutse ya duba da kyau.

Muroto wani tsini ne na ƙasa da ya kutsa kudu cikin Tekun Fasifik a lardin Kochi. Can nesa da gaɓa, a ƙarƙashin ruwa, akwai dogon kwazazzabo da ake kira Nankai, kuma a nan ne farantin ɓawon duniya na Tekun Filifin, ɗaya daga cikin manyan ɓangarorin da ɓawon duniya ya kasu, yake cusa kai ƙarƙashin farantin da kudancin Japan ke zaune a kansa, yana matsawa 'yan santimita a kowace shekara. Matsawar ba ta zuwa da sauƙi, domin farantan biyu a manne suke da juna. Na ƙasan yana jan leɓen na saman zuwa ƙasa sannu a hankali, tsinin Muroto yana ta nutsewa 'yan milimita a shekara, har ranar da mannewar za ta ɓalle, leɓen ya zabura ya koma sama cikin 'yan mintuna. Haka ta faru da asubahin 21 ga Disamba 1946, lokacin da girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 8 ta ɗaga tsinin da fiye da mita ɗaya, wasu sassan birnin Kochi da ke can cikin lungun gaɓar kuwa suka yi ƙasa har ruwan teku ya malale su, mutum sama da 1,300 suka rasa rayukansu. Kafin wannan an yi irinta a 1854 da 1707 da 1361, kuma rubutaccen tarihin Japan yana bin sawunta har zuwa shekarar 684.

Da cibiyar baƙi na fara, kuma shawarar da zan ba kowa ke nan. Tana gefen gabas na tsinin, a bakin babbar hanya mai lamba 55, shiga kuwa kyauta ne. Ba zan tsawaita a kanta ba, domin amfaninta ɗaya ne mai girma: tana dasa wa mutum siffar wurin a ka kafin ya fita. Da ka ga taswirorin da hotunan da aka ɗauka daga sama, sai ka lura cewa gaɓar Muroto ba gangara ba ce guda ɗaya daga dutse zuwa ruwa. Matakala ce. Akwai siririn fili a ƙasa inda hanya da gidaje suke, sai bango mai tsayi, sai wani faffaɗan fili a sama mai laushin shimfiɗa kamar an daɓe shi, sai kuma wani bangon a bayansa. Kowane fili daga cikinsu a da can ƙarƙashin ruwa yake, igiyar teku ce ta sassaƙe shi ta baje, kowane bango kuma tsohuwar gaɓa ce da ruwa ya taɓa duka. Wanda bai ɗauki wannan hoton a zuciyarsa ba zai wuce ta kan matakalar a mota bai san ya taka ta ba.

Ja-goran da aka haɗa ni da shi dattijo ne ɗan garin, kuma na nemi a tanadar mini shi tun kafin in taso. Wani abokin karatuna da ya fi ni jin Japananci ne ya yi mana tafinta a inda magana ta yi zurfi. Abin da ya fara burge ni da dattijon shi ne bai yi gaggawar zuba mana bayani ba. Ya bar mu muka yi tafiya a kan hanyar ƙafar, wadda tsawonta bai kai kilomita uku ba, muna ratsa duwatsu masu zane-zanen fari da baƙi kamar saƙar tabarma. Waɗannan yashi ne da laka da suka kwanta a ƙasan teku mai zurfi kimanin shekara miliyan 16 da suka wuce, shimfiɗa a kan shimfiɗa, amma yanzu a tsaye suke cak, wasu ma a lanƙwashe, saboda matsin da farantin da ke nutsewa ya yi musu lokacin da ya kankare su ya manna a jikin Japan. A tsakaninsu akwai wani itace da suke kira ako, ɗan'uwan ceɗiya da ɓaure, wanda saiwoyinsa suka rungume dutse kamar raga. Duk wannan abin kallo ne, sai dai ba shi na zo nema ba, kuma da alama dattijon ya gane haka, domin ya ja mu kai tsaye zuwa gindin wani dogon dutse ya ce mu duba wani wuri da ya ɗara kanmu tsayi.

Da farko ban ga komai ba sai wani ɓawo fari-fari da ya yi kama da busasshen siminti da aka watsa wa bango. Sai da na hau wani tudun dutse na kusanto da fuskata na ga ashe dubban ƙananan bututu ne a cuɗe da juna, kowanne kaurinsa bai wuce na tsinken tsintsiya ba, wasu bakinsu a buɗe, wasu sun farfashe sun cika da yashi. Na shafa da yatsa na ji kaushinsu. Gidajen wata tsutsar teku ce da Japanawa ke kira yakkokanzashi, wadda take gina wa kanta bututu na alli ta manne shi a jikin dutse. Muhimmancinta yana ga wurin zamanta, domin ba ta rayuwa sai a siririn layin da ke tsakanin cikar teku da janyewarsa, inda ruwa ke rufe ta ya kuma buɗe ta kullum. Daga nan dattijon ya gangara da mu bakin ruwa, da yake teku ya janye a lokacin, ya nuna mana masu rai, jiƙe sharkaf, a daidai layin da ya kamata. Ya nuna na ƙasa, ya ɗaga hannu ya nuna na sama, bai ƙara komai ba. Tazarar da ke tsakaninsu mitoci ce, kuma tsutsa ba ta hawa dutse. A wannan ɗan lokaci hidimar ta biya ni duk abin da na kashe.

Tsayin kaɗai ba ya ba da labarin duka. Idan aka ce ƙasa ta tashi mita biyar, tambayar da ke biye ita ce cikin shekara nawa, domin mita biyar cikin shekara dubu biyu daban take da mita biyar cikin shekara dubu ashirin. A nan ne aikin gano shekaru yake shigowa, kuma ga waɗannan bututu hanyar da ake bi ita ce ta kabon-14, wadda Willard Libby ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940 har ta kai shi ga lambar Nobel a 1960. Duk abu mai rai yana ɗaukar ɗan kabon-14 daga iska ko ruwa muddin yana raye. Da ya mutu sai ɗaukar ta tsaya, wanda ke jikinsa kuma ya shiga raguwa bisa ƙa'ida, rabinsa yana ɓacewa a cikin kowace shekara 5,730. Mai bincike zai ɓanɓaro ɗan guntun bututun, ya auna tsayin wurin daga matakin teku na yau da na'urar safiyo, ya kai guntun ɗakin gwaje-gwaje a wanke bayansa da ruwan asid domin a cire abin da ya manne masa daga baya, sannan a ƙirga abin da ya rage na kabon-14. Tsutsar ta mutu ne a lokacin da dutsen ya fita daga ruwa, saboda haka shekarun bututu mafi ƙuruciya a layin suna nuna lokacin da ƙasa ta ɗaga.

Aikin yana da tarkuna, kuma na ji daɗi da na ga ba a ɓoye su ba da na tambaya. Na farko, kabon da ke cikin teku ya girmi na iska, saboda ruwan da ke tasowa daga zurfi ya daɗe bai haɗu da iska ba, don haka ƙumba ko bututun da ya mutu jiya zai iya nuna shekaru wajen 400 a gwaji, kuma gyaran da ake yi wa wannan ya bambanta daga teku zuwa teku. Na biyu, tsutsotsin suna gini a kan ginin magabatansu, ta yadda ɓawo guda zai iya ƙunsar zamani biyu ko uku, sai an yanka shi an bi shi shimfiɗa-shimfiɗa. Na uku shi ne dalilin da ya sa masana suka fi amincewa da wannan tsutsa a kan ƙumbar da aka tsinta a yashe. Muroto mashigar guguwa ce, har akwai wata babbar guguwa ta 1934 da ake kira da sunan garin, kuma igiyar ruwa a irin wannan rana tana iya wurga ƙumba da tsakuwa can saman tudu. Abin da aka wurga ba ya shaidar inda teku yake. Abin da aka samu manne a wurin da ya rayu shi ne shaida. Irin wannan shaida ce kyaftin Robert FitzRoy ya gani a tsibirin Santa Mariya na ƙasar Chile bayan girgizar ƙasa ta 1835, ƙumba manne a jikin dutse tana ruɓewa kusan mita uku sama da inda ruwa ke kaiwa, kuma Charles Darwin, da ke cikin jirginsa, ya ɗauki abin a matsayin hujjar cewa da irin wannan tashi ake gina tsaunuka.

Kafin mu rabu a ranar farko mun tsaya a kogon Mikurodo, wanda ke bakin hanyar mota. Igiyar teku ce ta fafe shi, amma yau ruwa ba ya zuwa kusa da bakinsa, har motoci na wucewa tsakaninsa da teku. An ce a cikinsa ne malamin addinin Buda mai suna Kukai, wanda aka haifa a 774, ya yi halwa yana saurayi, kuma ma'anar sunansa ita ce sararin sama da kuma teku. Ni dai abin da na tsaya dubawa shi ne santsin bangon kogon daga ciki, irin santsin da ruwa kaɗai ke yi wa dutse.

Rana ta biyu muka hau tudun Nishiyama, a gefen yamma na tsinin, kuma a nan ne girman al'amarin ya bayyana. Hanya ce mai murɗiya take hawa bangon, kana fita daga cikin itatuwa sai ka tsinci kanka a wani fili shimfiɗaɗɗe mai gonakin dankali da rumfunan leda na noman kayan lambu, teku kuwa yana can ƙasa nesa, shuɗi har iyakar gani. Manomi yana huɗa a wurin da kifi ya taɓa iyo. A gefen wata gona, inda aka yanke ƙasa domin hanya, dattijon ya tono mana tsakuwa daga cikin jar ƙasa ya zuba mini a tafin hannu. Mulmulallu ne sumul, wasu faffaɗa kamar ƙosai, irin waɗanda na taka a bakin ruwa jiya, sai dai waɗannan sun tsufa har bayansu ya yi laushi ya canza launi. Masana suna danganta wannan babban dandamali da zamanin ɗumi na ƙarshe kafin namu, kimanin shekara 125,000 da suka wuce, kuma kusa da tsinin tsohon layin gaɓarsa yana sama da mita 150 daga matakin teku, yana raguwa a hankali yayin da aka nufi arewa maso yamma wajen Kochi.

Tambayar da na zo da ita daga gida ita ce ta yaya aka san 125,000 ɗin, tunda kabon-14 ba ya wuce shekara 50,000, bayan nan abin da ya rage ya yi ƙanƙantar da ba a iya dogara da shi. Amsar tana da rassa. A wuraren da murjani ya gina dandamalin, ana auna yadda yuraniyom da ke cikinsa yake rikiɗa zuwa toriyom, kuma wannan agogo yana kaiwa dubban ɗaruruwan shekaru. Da shi ne Wallace Broecker da abokan aikinsa suka nuna a 1968 cewa matakalar murjani ta tsibirin Barbados ta ginu ne a wajen shekara 82,000 da 103,000 da 122,000 da suka wuce, aikin John Chappell da wasu a gaɓar Huon ta Papuwa Niyu Gini kuma ya zo ya ƙarfafa wannan jeri a shekarun 1970. Daga irin waɗannan wurare aka san lokutan da teku ya cika a duniya baki ɗaya, domin dandamali mai faɗi ba ya sassaƙuwa sai teku ya daɗe a mataki ɗaya yana dukan gaɓa. A Japan kuma akwai wata baiwa ta daban, wato tokar duwatsu masu aman wuta. Manyan fashe-fashe sun watsa toka a kan ƙasar kusan duka, kuma an san shekarun kowace: ta Kikai kimanin 7,300, ta Aira kimanin 30,000, ta Aso ta huɗu kusan 90,000. Kowace toka tana da ƙwayoyin gilashi masu sinadarin da ya bambanta ta da sauran, ko da ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma. Idan aka haƙa ƙasar da ta rufe dandamali aka tarar da wata toka kwance a kan tsakuwar teku, to dandamalin ya riga tokar fita daga ruwa. Ba ta ba ka ranar haihuwa, amma tana ba ka iyaka, kuma idan aka haɗa iyakar da jerin lokutan cikar teku sai zaɓin ya ragu ƙwarai.

Akwai wata tambaya da dole a warware kafin a ce ƙasa ta tashi, kuma mu mutanen arewa muna da misalinta a gida. Tudun yashin nan da ya ratsa ta Maiduguri da Konduga da Bama tsohuwar gaɓa ce ta Tafkin Chadi, daga zamanin da tafkin ya kai matakin kimanin mita 320 sama da teku, wato wajen mita 40 sama da inda yake a yau, kuma an gano shekarunsa ta hanyar auna lokacin da ƙwayoyin yashinsa suka rabu da hasken rana. A can ƙasa ba ta motsa ba, ruwa ne ya tafi. Teku ma yana hawa yana sauka: kimanin shekara 21,000 da suka wuce, da ƙanƙara ta tsare ruwa a kan nahiyoyi, ya sauka da wajen mita 120, a zamanin ɗumi na shekara 125,000 kuwa ya ɗara na yau da mita 6 zuwa 9 kawai. Saboda haka idan aka ga gaɓar wancan zamani a mita 7, babu abin da za a ce ya faru, amma idan aka gan ta a mita ɗari da ɗoriya, to ƙasa ce ta ɗauke ta. Lissafin kansa mai sauƙi ne. A ce tsohon layin gaɓa yana mita 190; a cire mita 6 na cikar tekun wancan lokaci, saura 184; a raba da shekara dubu 125, sai a sami kusan mita ɗaya da rabi a kowace shekara dubu. Wahalar tana wajen samun layin, domin ba saman gona ake aunawa ba, kusurwar da tsohon dandamali ya haɗu da tsohon bango ake nema, ita kuwa tana binne ƙarƙashin ƙasar da ta zaizayo ta rufe ta, sai an haƙa ko an huda.

A kan tudun nan ne na gane wani kuskure da na daɗe ina ɗauke da shi. Na zaci kowace babbar girgiza tana ɗaga Muroto mita ɗaya da wani abu, a tara su wuri ɗaya a sami matakalar. Da na zauna a gefen gona na buga lissafin sai na ga bai tafi ba. Idan girgiza tana zuwa kusan kowace shekara 120 tana ƙara mita 1.2, kuma ƙarin yana zama, to cikin shekara dubu za a sami mita 10, alhali matakalar tana cewa ɗaya da rabi ne. Ke nan mafi yawan abin da girgiza ta ɗaga, nutsewar da ke biyo baya tana cinye shi kafin ta gaba ta zo. A 1964 masana uku, Yoshikawa Torao da Kaizuka Sohei da Ota Yoko, sun nuna cewa karkatar tsofaffin dandamalan ta yi kama da karkatar da girgizar 1946 ta yi wa yankin, sama a tsini, ƙasa a lungu, suka fahimci matakalar a matsayin ragowar da ta taru daga irin waɗannan girgiza. Daga baya Maemoku Hideaki ya bi bututun tsutsar nan yana gwada shekarunsu, ya ga sun jeru ne a layuka kaɗan masu tazara, abin da ya kai shi ga ra'ayin cewa tashin da ke zama yana zuwa ne jefi-jefi, bayan shekara dubu ko dubu biyu, kuma mai yiwuwa daga wata tsaga ce ta daban da ke kusa da gaɓa, ba daga mahaɗar farantan kanta ba. Ina ganin wannan ne mafi daraja a cikin abin da Muroto ke koyarwa, kuma yawon sa'a ɗaya ko biyu ba zai kai mutum gare shi ba sai ya yi ta tambaya. Dattijon bai yi fushi da yawan tambayoyina ba, inda abin ya wuce saninsa kuma ya faɗa a fili ya ce in koma ga ma'aikatan cibiyar, waɗanda a cikinsu akwai masu ilimin fannin.

Zangonmu na ƙarshe shi ne tashar jiragen ruwa ta Murotsu, kuma ina roƙon duk wanda zai je kada ya tsallake ta. Tasha ce da mutane suka haƙa a cikin dutse tun ƙarni na 17. Idan ka tsaya a kan titin da ya kewaye ta ka leƙa, sai ka ga kwale-kwalen masunta can ƙasa kamar a cikin rijiya, bangon dutse ya yi musu zobe, domin duk lokacin da girgiza ta ɗaga ƙasa sai tashar ta yi rashin zurfi, sai a sake haƙawa. Jami'an da ke kula da ita sun bar rubuce-rubucen zurfin ruwa, kuma daga cikinsu ne aka fitar da cewa ta tashi kusan mita 1.8 a 1707 da kusan mita 1.2 a 1854, awon zamani kuma ya ba da mita 1.15 a 1946. A 1980 Shimazaki Kunihiko da Nakata Takashi suka lura da wani tsari a cikin waɗannan lambobi: bayan babban tashi na 1707 an jira shekara 147, bayan ƙaramin tashi na 1854 an jira 92 kawai, wato gwargwadon girman abin da aka saki, gwargwadon daɗewar jira. Bisa wannan ma'auni, jiran da zai biyo bayan 1946 kusan shekara 88 ne. A kan wannan lissafi ne kwamitin gwamnatin Japan mai binciken girgizar ƙasa ya daɗe yana dogara wajen cewa yiwuwar aukuwar babbar girgiza a Nankai cikin shekara 30 ta kai kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari.

Lambobi uku daga tasha ɗaya ba ƙaramin nauyi aka ɗora musu ba, kuma a 'yan shekarun nan an sake duba tsofaffin takardun an tayar da tambayoyi masu ma'ana: a wane gefen tashar aka zura sandar awo, a wane lokacin cikar teku, kuma nawa ne daga bambancin zurfin aikin girgiza, nawa ne aikin masu haƙa. A 2025 kwamitin ya sake fasalin hasashensa ya fitar da lissafi biyu gefe da gefe, ɗaya daga kashi 60 zuwa 90 ko fiye bisa awon Murotsu tare da la'akari da rashin tabbacinsa, ɗaya kuma daga kashi 20 zuwa 50 bisa tazarar girgizar da aka rubuta a tarihi. Wannan ya ƙara mini ganin ƙimar bututun tsutsa da tsakuwar tudu, domin takarda ta tsaya a 'yan ɗaruruwan shekaru, su kuwa suna ba da shaidar dubbai. Mutanen da ke zaune a siririn filin nan na ƙasa ba su ɗauki maganar a matsayin muhawarar malamai ba. A duk tsawon hanyar gaɓar za ka ga hasumiyoyin tsira daga tsunami, wato ambaliyar igiyar teku da girgizar ƙasa ke tayarwa, da alluna masu nuna tsayin wuri daga teku da matakalar gudu zuwa tudu, tudun da shi kansa tsohuwar gaɓa ce.

Wanda ya yi niyyar zuwa ya sani cewa wurin yana da nisa. Daga birnin Kochi tafiyar kusan sa'a biyu ce a mota, idan kuma jirgin ƙasa ne, yana tsayawa a Nahari, daga nan sai bas. Tsinin da cibiyar ana iya kai musu da bas, amma tudun Nishiyama yana son mota. A duba jadawalin cikar teku kafin a sa lokaci da ja-gora, domin sai ruwa ya janye ake ganin tsutsa mai rai, kuma in ba a gan ta ba rabin hujjar ya tafi. A sa takalmi mai riƙe dutse, a ɗauki ruwan sha da hula, saboda inuwa kaɗan ce a bakin tekun, kuma a guje wa ƙarshen bazararsu zuwa farkon kaka, lokacin guguwa. Ba a ɓanɓarar komai daga jikin dutse, masu bincike ma sai da izini. Ɗalibin ilimin ƙasa zai fi kowa amfana, musamman irinmu da muka taso a kan tsohon dutse mai kwanciyar hankali, muka koyi nutsewar faranti daga zane a allo. Ya ware kwana biyu cur, ya tafi da madubin hannu na duba dutse da ɗan littafin rubutu, ya kuma nemi a fara kai shi gindin dogon dutsen nan mai farin ɓawo tun da safe, kafin ruwa ya dawo.